Haƙoran Sale Mai Fassara

Na daɗe ina jin ana raɗe-raɗin cewa haƙoran gaban Sale Mai Fassara ba faɗuwar babur ce ta zubar da su ba, fim ɗin Indiya ne. Ban taɓa yarda ba. Fim ai inuwa ce a cikin gilashi, ina ta ga hannun duka? Ranar Talatar nan ina alwalar azahar a ƙofar gida, maƙwabcina ya tsaya da kekensa ya ce, "Malam Ado, Sale ya riga mu gidan gaskiya." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da ruwan butar ya ƙare a ƙasa na lura ina riƙe da ita.

Sale ɗan mahauta ne, iyaye da kakanni fawa suka yi a kasuwar Daura. Shi bai riƙe wuƙa ba. Gidan silima ya yi wa aiki tun yana saurayi, har kunnensa ya kama Indiyanci. Da aka kawo Shari'a gidan ya rufe, sai ya koma zaurensa da talabijin da tsofaffin kaset. Bayan la'asar ya kunna, ya rage murya, ya riƙa fassarawa da bakinsa. In an zo wajen rawa ya wuce da sauri, ya ce, "Wannan ba namu ba ne, mu je wajen kuka."

Finafinan da ya fi so su ne na mutanen da Indiyawa suka ɗauka ƙazanta tun daga haihuwa: ba a taɓa jikinsu, ba sa shan rijiyar gari, ba sa shiga wurin ibada. Yakan ce, "Su dai sun nuna nasu a fili. Mu namu a ƙarƙashin hula yake." Yakan kuma ce, "A ci naman da muka feɗe har a lashe yatsa, amma yanka sai an kira malam."

Ga abin da ya faru, yadda aka ba ni shi a zaman makoki. Sale yana da yaya, Habu, mahaddacin Alƙur'ani. Wata rana a wani ƙauye kusa da Sandamu liman bai fito ba, Habu ya wuce gaba. Yana cikin ruku'u aka fizge shi ta wuyan riga, aka ja shi waje a kan tsakuwa, aka rufe shi da gora har kunne ɗaya ya mutu. Ya tsallaka Nijar, bai sake dawowa ba.

Shekaru suka ja. Ran nan Sale ya sa fim ɗin wani baduku da ya sha ruwa a rijiyar manya, aka taru ana dukansa. Maimakon abin da Indiyawan ke faɗa, sai Sale ya ɗaga murya: "Ku riƙe shi! Ɗan mahauta zai ja mu sallah!" A cikin zauren kuwa akwai 'ya'ya biyu na mutumin da ya fara fizgar rigar Habu.

Babban ya ce, "Sale, ba haka Ba'indiyen ya ce ba."

"Haka ya ce, ɗan manya. Ni ke jin yaren."

"Janye maganar nan."

Sale ya maimaita ta, kalma bayan kalma. 'Ya'yan nan biyu suka karya benci, suka hau Sale da ƙafar bencin. Dukan farko a baki ya sauka. Ya tofar da haƙora uku cikin jini, ya sake faɗa. Suka karya masa hannu, suka fasa talabijin, jama'a suka watse ba wanda ya raba. A asibiti ya ce babur ne, kuma a kan haka ya tsaya har ya koma ga Allah. Bai kai ƙara ba, bai kuma janye ba.

Da aka fito da gawarsa, ɗansa Malam Nasiru, mai koyarwa a Islamiyya, ya tsaya a sahun baya kamar yadda ya saba. Sai wani dattijo, Alhaji Ilu, ya kama hannunsa ya ja shi gaba, ya ce, "Malam, sallaci mahaifinka." Na ji gunaguni a bayana. Mutum uku suka fice daga sahu, na gan su da idona. Nasiru ya yi kabbara, sauranmu muka bi.

Allah Ya jiƙan Sale, Ya gafarta masa, Ya sa jinin da ya zubar ya zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙurin rashi. Habu kuma, ko yana raye ko ya rasu, Allah Ya saka masa. Mu da muka ci nama muka yi shiru, Allah Ya yafe mana.

Wanda ya ba ni labarin haƙoran nan a zaman makoki Alhaji Ilu ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan nan biyu. Ya ce a ranar ƙafar bencin a hannunsa take.