Kariyar Motar Ba Gana

Ko da zan manta da komai na zamana a gareji, ba zan manta da ranar da matan unguwar Maisandari suka taru a bakin ƙofa suna ja mini Allah ya isa ba. Ina tsaye da sifana a hannu, ban ci na kowa ba, ban taka ɗan kowa ba. Laifina ɗaya, an sa ni aiki na yi shi daidai.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina walda a garejin da ke gyara motocin ma'aikatar lafiyar dabbobi a nan Maiduguri. Sama da ni akwai foman, sama da foman akwai Likita, wato jami'in da ke fita rangadi yana yi wa shanu allurar rigakafi. Ƙa'idarmu ita ce ba a taɓa mota sai Likita ya sa hannu a takarda, foman ya miƙo maka, ka je sito a auna maka ƙarfe. Ni Bakano ne, don haka duk garejin ba mai kira na Habu sai Afuno, sunan da Barebari ke kiran Bahaushe da shi.

Direban Likita wani dattijo ne, Ba Gana, mutumin Maisandari. Tun zamanin Turawa yake tuƙi, fansho ya kusa, kuma in ana maganar ratsa yashin hanyar Baga babu na biyunsa. Ciwonsa ɗaya: Allah bai hore wa bakinsa cewa a'a ba. A wancan zamani mota ba ta zuwa bakin tafkin Chadi sai jefi-jefi, kowa kuma yana da ɗa ko ƙani can yana kamun kifi. Da an ji Ba Gana zai fita, sai sallahu ya fara sauka a ƙofar gidansa. Shi ko sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ba komai, Allah ya kai mu."

A rangadin da ya gabata, tsohuwar jif ɗinsu ba ta da kariya, wato ƙarfen da ake kafawa a kan rufi don ɗora kaya. Ba Gana ya zura igiya ta tagogi ya ɗaure buhun gero, da turmi, da keken ɗinki na wani. Suna hawan wata jigawa bayan Monguno, nauyin sama ya rinjayi motar, ta kwanta a gefe a hankali kamar saniya ta ƙoshi. Ba wanda ya ji ciwo, amma kwalaben allura suka farfashe, makiyayan da suka kwana biyu suna jira da garkunansu suka watse. Da aka dawo Likita ya kira shi a gabanmu.

"Ba Gana, kai sa'an mahaifina ne, ba na son in yi maka faɗa. Amma daga yau kayan ofis ne kawai a motar nan, sai ƙunshin direba guda ɗaya. Na sake ganin ko tsinke, ka ajiye makulli, fansho kuma ka manta da shi."

Ba Gana ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Mu da muka san shi mun san kunnensa ne ya ji.

Ba a jima ba aka kawo sabuwar jif, takarda ta sauko cewa a yi mata kariya. Rannan da la'asar sai ga Ba Gana a rumfata da goro fari ƙal guda biyu, ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, Afuno, wushe da aiki. Kariyar nan, ka yi ta da faɗi. Daga gilashin gaba har baya, ka ɗan zarce ma kaɗan."

Na ce, "Ba Gana, me za ka ɗora? Kasuwa?"

"A'a, don dai kaya su sha iska."

Na karɓi goro, don ba a ƙin goro, amma raina bai kwanta ba. Ina son tsohon nan. Shi ya samo mini ɗakin haya ranar da na sauka garin nan ban san kowa ba. Na san in na yi masa kariya mai faɗi, da hannuna na rubuta masa takardar sallama.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kariya iri uku muke yi. Akwai ta katako, ba nauyi, amma rana da jijjiga na tsattsage ta. Akwai ta ƙarfe mai kusurwa, ƙarfi kamar me, sai dai ita kanta kaya ce tun ba a ɗora mata komai ba. Sai ta bututu, wadda ta ɗebo ƙarfi ta bar nauyi, ita na zaɓa. Rufin motocin nan kuwa sirara ne, ba a huda shi, ba a kuma jingina masa nauyi. Ƙafafun kariya a gefen rufi suke zama, inda ruwan sama ke bi, a sa musu guntun tsohon tub na taya don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, sannan a ɗaure da noti. Babbar dokar ita ce mai nauyi ciki, mara nauyi sama.

Na roƙi foman ya sa aka fito da duk kayan rangadi aka baje a ƙasa. Jarkunan mai da akwatin allura na ce su shiga ciki. Na jera sauran kusa da juna: tanti, gadon Likita mai naɗewa, taya ta ko-ta-kwana, faifan ƙarfe biyu da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe a yashi, sai ƙunshin Ba Gana. Na zagaye kowanne da alli. A kan wannan zanen na yi kariyar, kowane kaya da gurbinsa, na kuma gitta sanduna masu sakata a sama yadda ba inda za a ɗora wani abu ya zauna.

Foman ya duba ya ce, "Afuno, wannan kariya ce ko ɗakin amarya? Ko allura ba ta da wurin zama."

Ba Gana da ya zo ya gani, ya zagaya motar, ya sake zagayawa.

"Afuno, ka ci mini goro ka ci mini mutunci."

Na ce, "Bakinka ya kasa cewa a'a, na yi maka ƙarfen da zai faɗa a madadinka."

Mako guda bai amsa gaisuwata ba.

Ranar tafiya da hantsi na zo in ƙara ɗaure notuna, na tarar da bakin gareji kamar ana rabon gado. Ga mai tukunya, ga mai buhu, ga wani da ƙyauren ɗaki sukutum, ga ƙanin Bulama, wato mai unguwarsu, riƙe da rago. Likita yana zaune a gaban mota ya buɗe jarida, amma na lura idonsa ba a kan jaridar yake ba. Na san yau ake yin ta.

Ba Gana ya fito, ya bi kowa ya gaisa, ya tambayi gida da yara. Sannan ya haɗa hannuwa ya marairaice.

"Jama'a, kun san ni. Da a ce ta ni ce, har ragon nan zai je Baga. Amma ku hau ku gani da idonku."

Aka kawo benci. Ƙanin Bulama ya fara hawa, ya leƙa, ya lalube, ya nemi inda zai cusa ko hannu ya rasa. Mai ƙyaure ya hau, ya sauko yana salati. Wata mata ta ce wane mara imani ne ya yi wannan aiki.

Ba Gana bai yi wata-wata ba, ya nuna ni da yatsa. "Ga shi nan. Afuno ne. Na roƙe shi har da goro."

Nan fa aka yo kaina, da Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa. Wata ta ce daman Bakano ko inuwa sayar da ita yake yi. Ba Gana na tsakiyarsu yana gyaɗa kai yana cewa amin, in mun haɗa ido sai ya ƙyafta mini. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗin zagi irin na rannan ba. Kowa ya kwashi kayansa ya kama hanya, ba wanda ya riƙe shi a rai.

Sai mutum ɗaya ta rage. Wata tsohuwa ce, Ya Kaltum, ba ta gani sosai, ta tsuguna a gindin katanga da ƙunshi a cinya. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi roƙo ba. Ba Gana ya durƙusa ya tambaye ta. Ta ce ɗanta ne ke kwance a Baga, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ta haɗa masa bargo da gari da sassaƙe. Ta ce ta ji babu wuri, tana dai hutawa ne ta koma.

Ba Gana ya daɗe a durƙushe. Na ce a raina shi ke nan, aikina ya tashi a banza, tsoho zai yar da fanshonsa. Ya miƙe, ya hau benci, ya zare sakata, ya sauko da nasa ƙunshin: tabarma, guzuri, da gidan sauro. Ya miƙo mini ya ce in kai masa gida. Ya ɗauki na Ya Kaltum ya sa a gurbin, ya mayar da sakata. Sannan ya zagayo wajen Likita.

"Ranka ya daɗe, ƙunshin direba guda ɗaya."

Likita ya sauke jarida, ya dubi sama, ya dubi tsohuwar. Ya ce, "Ɗaya na gani. Mu tafi."

Wanda bai taɓa kwana a bakin Chadi ba bai san sauro ba. Da suka dawo sai da na dubi Ba Gana da kyau kafin na gane shi, fuska ta kumbura, idanu sun shige. Amma mota lafiya lau, ko noti ɗaya bai kwance ba, an yi wa shanu allura, makulli kuma yana aljihunsa. Ya ce yaron Ya Kaltum ya tashi, har ya ba shi kifi banda ya ƙi karɓa don ba wuri.

Likita ma ashe abin ya taɓa shi. Washegari takarda ta sauko: a ƙara gurbi guda a kariya, kada ya wuce kamu ɗaya, don direba ya daina barin gidan sauronsa. Na yi shi da farin ciki, har na shafa masa fenti.

Rangadi na gaba na hau benci in duba notuna. Na leƙa gurbin farko, na ga ƙunshin wata mata. Na leƙa sabon, na ga na wani malami. Na juyo, sai ga Ba Gana a bayana yana miƙo mini tabarmarsa da gidan sauro.

"Afuno, ka san gidan."

Haka ya yi ta yi har ya karɓi fanshonsa cikin mutunci. Ni kuma abin da na koya ke nan, nake kuma gaya wa masu tasowa: ƙarfe na tsare mota, yana ma tsare wa mutum aikinsa, amma hali zanen dutse ne, ba a yi masa walda. Har na bar aiki, in aka kawo mini mota a ce a yi mata kariya, ba nauyin kaya nake fara tambaya ba. Cewa nake yi a nuna mini direban.