Ƙafar da Na Ara wa Kawu Iro

Wata safiyar Asabar ce a cikin kaka, a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin man fetur suka fara malalowa har ƙauyukanmu na wajen Mabai. Ina ƙofar gida ina ba tumaki harawa, sai na ji maza suna nishi a bayan sabuwar a-kori-kurar da Baba ya saya bayan an yi kakar auduga mai kyau. Sabuwa dai a wurinmu, don mai ita na farko ya sha romonta ya bar mana ƙashi, batir ɗinta kuwa ba ya kwana da rai, kullum sai an tura. Kawu Iro, ƙanen Innata, shi Baba ya damƙa wa ita, saboda duk unguwar shi kaɗai ya taɓa zama yaron mota a Funtuwa har ya iya tuƙi. Ranar masu turi sun yi kaɗan, shi kuma ƙato ne, zamansa a ciki asarar ƙarfi ce. Sai ya dube ni sama da ƙasa kamar mai taya ɗan akuya, ya ce, "Mamman, kai da ba nauyi ba ƙarhi, taho yau ka yi amfani." Ya ɗaga ni ya dire a kujerar direba, ya cusa mini tsohon buhu a baya don ƙafata ta kai ƙasa, ya nuna mini kuloci da birki da totur. In na ji ihunsa in saki na hagu, in ta kama in sake danne shi in taka na tsakiya. Suka tura, ya yi ihu, na saki. Motar ta yi tari, ta girgiza, sannan ta ɗauki ruri a ƙarƙashina. Ni da ko jakin gidanmu ba ya jin maganata, ga ƙarfe mai ɗaukar abin da jakunan unguwa duka ba za su ɗauka ba ya farka don kawai na ɗaga ƙafa. Da aka sauke ni, ranar ko koko ban iya sha ba.

Daga nan tayar da mota ya shiga cikin ayyukana na safe, tare da ɗibar ruwa da kai tumaki bakin fadama. Na sha bulalar makara a makaranta, kuma ban taɓa jin zafinta ba. A filin wasa abokaina suna kewaye ni suna sansanar warin fetur a hannuna, motocin kara da muke ƙerawa da tayar gwangwani kuwa suka fita daga raina gaba ɗaya, na fara yi wa masu su kallon yara. Duk tuƙin nawa bai wuce daga ƙofar gida zuwa gindin tsamiya ba, amma in ka ji ina ba da labari sai ka rantse Legas nake zuwa in dawo. Kawu kan kama kunnena ya ce, "Motar ga ba ta san kai ɗan Alhaji ne ba. Abin da ka taka, shi za ta yi." Bai taɓa bari na taɓa giya ba.

Da damina ta yi tsaka, ana maimai a gonarmu ta fadama, kububuwa ta sari Kawu a ƙafar dama. Wajen la'asar aka shigo da shi a kafaɗa, an ɗaure ƙafar da rawani, ta riga ta kumbura har ƙwauri. Mai maganin gargajiya ya yi nasa, amma da Baba ya ga jini yana tsatsowa daga dasashin Kawu sai ya ce ba zama, asibitin Ƙanƙara za a kai shi yanzu. Mutane suka ruga wajen mota, suka dafa bayanta kamar kullum, sannan suka tsaya cirko-cirko. Sai a lokacin kowa ya tuna direban ne a kwance. Keke ba zai iya laka ba, jaki kuwa sai dai ya kai gawa. Kawu ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ku sa yaron ga. Ni ne hannu, shi ne ƙahwa." Inna ta fito daga zaure ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba, tana cewa ƙanenta da ɗanta a mota guda, in ta kife wa za ta kama? Baba ya ɗauke ni da kansa ya sa a kujera, ya ce in yi bisimilla.

Aka kishingiɗa Kawu a gefena, hannunsa ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, Baba da maza suka tura suka ɗare baya. Muka wuce tsamiya. Wallahi har yau ina ganin yadda bishiyar nan ta koma bayana. Kawu yana cewa taka, saki, ƙara, ni kuma ina yi, motar tana ƙara murya. Dawa ta tsaya kore shar a hagu da dama tana gudu da baya, iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana marin fuskata, masu dawowa daga gona suna tsalle cikin kunyoyin gona da fartanyu a kafaɗa suna bin mu da ido. Ban taɓa sanin ƙasa tana iya naɗewa haka a ƙarƙashin ɗan Adam ba. Tsoro nake ji, amma a ƙasan tsoron akwai wani daɗi mai tsanani da ya ba ni kunya, don mutumin da ya koya mini yana gefena yana nishi. A bakin rafi ruwa ya ci hanya. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya ce, "Kak ka tsaya, ko mi ka ji." Na danne totur, ruwa ya tashi ya rufe gilashi, motar ta yi wutsil-wutsil da baya, ta kama tudu ta haye. Muna hayewa hannunsa ya zame daga sitiyari ya faɗi a cinyata. Na kira shi bai amsa ba. Sauran tafiyar ni kaɗai na yi ta, a giyar da ya bar ni, ina kuka ina riƙe da sitiyari, ina leƙen hanya ta tsakaninsa.

A ƙofar asibiti na taka birki na manta da kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Aka kwashi Kawu aka yi ciki da shi, ni kuwa da na sauko sai na zauna a ƙasa na jingina da taya. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Sai dai ƙafar ta ci nama, ta warke a shanye, bai sake iya taka birki da ita ba. A ƙauye aka yi ta yaba ni, tsofaffi suna shafa kaina, shi kuma ya dawo da sanda.

Da na girma ni na gaji motar. Kowace ranar kasuwar Yankara ko Sheme yakan saka wankakkiyar riga ya zauna a gefena, ba don yana da abin saye ba. In mun doshi kwana sai in ga shanyayyiyar ƙafar nan tana danna ƙasa tana neman birkin da ba ya wajenta, sai in kau da kai in yi kamar ban gani ba.

Yau hanyar da muka bi ta canza, 'ya'yana sun koyi tuƙi a wajen malamin da ba su ma riƙe sunansa ba, kuma ba wanda ya ɗauke shi abin mamaki. Kawu ya daɗe da rasuwa. Ni dai har yanzu in na zauna gaban sitiyari daɗin nan yana zuwa, kunyar nan tana biye da shi. A rana guda na samu tuƙi, shi kuma ya rasa.