Ɗauko Yaya Sale Daga Bakin Kogi

Na bar Kano, inda nake aiki a gidan rediyo, bayan sallar asuba, wata Talata cikin bazara, a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Wani falke mai goro ne ya kawo mini saƙo cewa gyambon da ke kunnen yayana Sale ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Yaya Sale zabiya ne. Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, shi ya zauna gida a Zandam yana noma lokacin da aka kai ni makaranta.

Kano zuwa Gwaram

Motar kiya-kiya na shiga. A gadar Wudil 'yan sanda suka tsai da mu, suka duba takardu, suka tuna wa direba hannun da ake bi yanzu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sani. Jakunan hanya ne ba a faɗa wa ba." Muka isa Birnin Kudu da hantsi. Na sha koko da ƙosai a tasha, na leƙa asibiti, aka ce likita yana ganin masu irin wannan ciwo ran Alhamis.

Daga nan a-kori-kura ce, bayanta a buɗe, muna zaune kan buhunan gishiri. Hanyar duk gargada. A Gwaram na sami mai babur ya kai ni Zandam, muka shiga gari ana kiran azahar.

Zandam

Na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Bayan gaisuwa na tambayi Yaya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, ba ta kuma taɓa yi masa magana mai taushi a gaban mutane ba.

Ta ce, "Wancan yana bakin kogi. Can ya fi masa sanyi."

Wannan tsari nata ne. Tun yana saurayi ta ga yadda gonar tudu ke ƙona shi, ta tsaya kai da fata sai da mahaifinmu ya ba shi lambun bakin kogi, inda akwai ruwa da iska. Duk gari an san ta nan ne kawai ta nuna tana sonsa.

Na gangara. Kogin ya janye, sai farin yashi mai kashe ido da 'yan kududdufai. Yaya yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana jan jigo, ba riga, ya yafa jiƙaƙƙen tsumma a kafaɗa, ga 'yar hula a ƙoƙon kai. Wuyansa da bayansa duk baƙaƙen ɗigo ne da ɓawo. Kunnen hagu an ɗaure shi da ƙyalle. Kusa da shi 'yarsa Ladi, ita ma zabiya, ko famfarar haƙori ba ta fara ba, tana wasa cikin ruwa. Inna ce ke turo ta kullum in rana ta take, don ta sha sanyi.

Ya kanne idanu ya dube ni. "Mutanen rediyo. Ka zo ɗaukar labarin albasa?"

"Na zo ɗaukarka, Yaya."

"Wa zai ba albasar ruwa?"

Sai da maƙwabcinsa ya yarda zai riƙe lambun sannan ya amince. Da ya kwance ƙyallen sai na ga ciwon. Rabin kunnen ya cinye.

Gwaram zuwa Birnin Kudu

Mun yi sammako ran Laraba don mu guje wa rana, amma mota ba ta cika ba sai da rana ta kusa tsaka. Gaban mota wani ɗan kasuwa ya riga ya kama. Na roƙi direba.

Ya ce, "Malam, baya ma akwai iska."

Yaya ya ce, "Kai direba, a ina ka taɓa ganin an ɗora Bature kan buhu?"

Aka yi dariya, ɗan kasuwar ya sauko da kansa ya koma baya. Muka sauka gidan Malam Garba, abokina tun firamare, wanda ke koyarwa a garin. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka. Yaya ya ci kaɗan, ya ce tauna tana ja masa wuya.

Asibiti

Likitan Ba'indiye ne, wani malamin asibiti yana fassara. Ya daɗe yana duba kunnen, sannan ya lalubi gefen wuya, ya tsaya a wuri ɗaya yana dannawa. Ya tambayi sana'arsa. Yaya ya ce lambu, ya ƙara da cewa shi ai ya yi sa'a, cikin ruwa yake aikinsa, zafi bai dame shi ba.

Likita ya ajiye abin da ke hannunsa. Bayanin da ya yi, ga shi kamar yadda aka fassara. Ba zafin rana ke kawo wannan ciwo ba. A cikin haskenta akwai wani haske da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin shigarsa. Baƙar fata tana tare mafi yawansa, fatar zabiya ba ta tarewa. Sanyin ruwa ba ya rage shi. Ruwa da farin yashi ma mai da shi suke yi sama, ya sami mutum ta ƙasan haɓa da kunne. Jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe barinsa ya wuce. Ko an yi lumshi yana ratsowa.

Yaya ya ce, "Ruwan ma?"

Malamin asibiti ya ce, "Ruwan ma, Malam Sale."

Sai malamin ya fito da mu baranda ya nuna mana yadda ake aunawa. Mutum ya dubi inuwarsa. In ta fi shi tsawo, da sauƙi. In ta gajarce ta koma gindin ƙafa, lokacin ne hasken ya fi ƙarfi, sai a nemi ɗaki ko inuwa mai duhu har ta sake miƙewa. Riga kuma a ɗaga ta sama a duba. In ana hango rana ta cikin saƙar, ba ta tare komai. Ya ce a sa malafa mai faɗi, ba hula ba, da riga mai dogon hannu.

Likita ya ce ciwon daji ne. Za su yanke kunnen, amma ƙullutun da ke wuya ya nuna ya riga ya shiga ciki. Na tambaya ko a kai shi Kano. Likita ya ce ana iya kai shi, sai dai ba zai yi mana alkawarin komai ba.

Da aka ba shi gado Yaya ya ce, "Isa, maganar ruwan nan ta tsaya tsakaninmu. Kada Inna ta ji."

Na ce, "To Ladi fa?"

Ya juya fuska bango.

An yi aikin ran Asabar. Na aika wurin aiki a ƙara mini hutu, na zauna jinya fiye da mako. Matar Malam Garba ce ke aiko mana kunu safe da yamma. Da aka sallame shi na ce mu wuce Kano. Ya ce a'a, gida zai koma, yana da abin yi. A kasuwa ya sa na sayi malafa biyu, babba da ƙarama, da yadin kaki. Shi da kansa ya ɗaga yadin sama ya kanne ido yana dubawa.

Komawa Zandam

Wannan karon mun sami mota da wuri, muka isa gida rana na shirin takewa. A ƙofar gida muka yi kiciɓis da Inna, ta riƙo hannun Ladi za ta raka ta kogi. Ta dubi farin bandejin da ke kan Yaya, ta kau da kai.

Ta ce da ni, "Ka ce da wancan in ya ji sauƙi ya koma bakin ruwa. Zafin cikin gida ba zai bar ciwon ya warke ba."

Yaya ya durƙusa a gabanta, abin da ya ba shi wuya. Ya ce, "Inna, yarinyar nan ba za ta je kogi da rana ba. Likita ya ce ruwa da yashi suna ƙara wa irinmu ciwo. Ba wanda ya sani. Ni ma da nake ciki ban sani ba."

Inna ta tsaya kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Duk shekarun nan?"

Ta saki hannun Ladi, ta sake kamawa, ta ja ta cikin zaure. Ta zauna a dakali. Sannan ta ce, "Isa, zo ka nuna mini abin da ya ce."

Na tsai da taɓarya a tsakar gida. Inuwarta ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na yi mata bayani sau biyu. Ta ɗauki ƙaramar malafar ta sa wa Ladi, ta ɗaure igiyar a haɓa. Babbar kuwa ta riƙe ta a hannu, ta tashi ta je inda Yaya yake zaune, ta ɗora masa a ka da hannunta, ta gyara gefen da ba kunne. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ranar. Sunansa dai ba ta kira ba.

Komawa Kano

Na kwana biyu na kamo hanya, babur zuwa Gwaram, a-kori-kura zuwa Birnin Kudu, kiya-kiya zuwa gida. Na shiga Kano ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Garba da iyalinsa, da ma'aikatan asibiti, da ɗan kasuwar da ya bar kujerarsa, wanda ban ko tambayi sunansa ba.

Yaya Sale ya rasu kafin a yanke gero, Allah ya jiƙansa. Da na je ta'aziyya, taɓaryar tana nan a tsaye inda na kafa ta. Inna ba ta bari a daka da ita.