Abin da Baturen Bai Faɗa Ba

Shekarar da aka koro ni daga lise, wato babbar sakandare, a Yamai, tele ɗaya ce tak a unguwarmu ta Filinge. Ta wani mai gyaran rediyo ce, baƙi-da-fari, da batirin mota take aiki. Duk ranar Asabar da an sallame magariba sai ya fito da ita ƙofar shagonsa ya ɗora a kan tebur, jama'a su taru, dattawa a kan benci, mu samari a tsaye a baya.

Abin da ke tara mu wani tsohon wasan Turawa ne da aka juya zuwa Faransanci. Kowane mako da labarinsa, amma duk a kan abu guda suke zagayawa, wato abin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam za ta iya in ta fi ƙarfin mai ita. Yau wata mata ce da in ta fusata ƙarfe ke lanƙwashewa, gobe wani likita ne da ya gwada na'ura a kansa ya wayi gari ba ya mantuwa da komai, har abin ya haukata shi. Tsofaffinmu na nan ƙasar Kurfai ba su ga abin mamaki sosai a ciki ba, cewa suke yi Turawa ma ashe suna da iskoki, suna ne kawai suka sake musu.

Da yake yawancin masu kallo ba su jin Faransanci, dole sai da mai fassara, kuma wannan kujera ta ɗan gwaggona ce. Taubashina ne, ya girme ni da shekara biyu. Karatunsa bai wuce firamare ba, sauran Faransancin a bakin tasha ya tsince shi lokacin da ya je ci-rani Kwatano. Amma Allah ya ba shi baki. Yakan tsaya a gefen tele ya riƙe ƙugu, Bature ya yi magana ɗaya shi ya yi uku. A bakinsa na ji Baturiya tana ƙorafin tsadar akuya a kasuwar Baleyara. Kowa ya san yana ƙari, kuma don ƙarin ma wasu ke zuwa.

Ni kuwa na dawo gida da abu a ciki. Na faɗi jarrabawa shekara biyu a jere, aka ba ni takardar kora, na naɗe ta na tura ƙasan akwati. Babana manomi ne, bai taɓa zama a aji ba, kuma ni kaɗai ne a unguwar na kai lise. Duk inda ya zauna sai ya ce ɗansa zai zama mushe, malamin makaranta ke nan. Na rasa ta inda zan fara. Sai na yanke wa kaina cewa zan bari a yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, hankalinsa ya kwanta, sannan in same shi shi kaɗai in gaya masa. Tsoro ne, ban musa ba. Amma niyyata ke nan, Allah shaida ne.

Mutum ɗaya na gaya wa. Muna noma a gonarmu ta bakin dutse, rana ta take, muka zauna shan fura, na kwashe komai na faɗa wa ɗan gwaggona, har inda takardar take. Ya dafa kafaɗata ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ji sanyi a raina ranar, don wata biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Nawa laifin shi ne wannan. Asabar ɗin da ta biyo baya, yana cikin fassara ya juya wata magana gaba ɗaya, ni kuma girman kan ɗan lise ya motsa mini, na ɗaga murya daga baya na ce ba haka aka ce ba, na gyara masa. Aka yi dariya, wani ya ce yau mai fassara ya gamu da malaminsa. Shi ma ya yi dariya, ni kuma na ɗauka maganar ta wuce.

Mako na gaba labarin wani mutum aka nuna wanda ya farfaɗo daga ciwo ya tarar yana jin abin da ke cikin zuciyar kowa. Matarsa ta tsorata da shi, abokansa suka guje shi. Na tuna wani dattijo da ke kusa da babana a kan benci ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ruhwa muna asiri. Da kowa na jin zucciyar ɗan'uwanai, da garin ga bai kai sahe ba."

Sai aka zo wurin da mutumin ya zauna cin abinci da danginsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa wa kowa abin da yake ɓoyewa. Ɗan gwaggona ya gyara tsayuwa.

"Ya ce ma wagga, ke kin ce miya ta yi daɗi, amma cikin ranki cewa kike ko kare ba shi lasa tata."

Wuri ya kaure da dariya. Baturen ya juya kan wani saurayi. Da kunnena na ji abin da ya ce, cewa ya yi yaron tsoronsa yake ji, yana son ya gudu daga gidan. Shi ke nan.

"Ya ce ma wanga, kai kau mushen gobe, an koro ka daga lise na Yamai tun kahin ruwan hwari. Takarda na ƙasan akwatinka. Tsohonka na nan shina ta gaya ma mutane ɗanai za shi zama mushe."

Wasu suka fara dariya, sai dariyar ta mutu a hanya. Na ga kawuna suna juyowa baya inda nake. Babana kaɗai ne bai juyo ba. Ya zauna yana kallon tele har aka gama, mutumin da ko kalma ɗaya ba ya ji a ciki. Sannan ya ɗauki takalmansa ya tafi masallaci.

Na tare ɗan gwaggona a bayan shagon. Ko a jikinsa.

"Haba bawana, wasa na. Taubashi ba shi hushi. Kai da kah hi ni Faransanci, mi yah hana ka tashi ka gyara?"

Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. A wurinmu taubashi ya zage ka a tsakiyar kasuwa, ya ƙwace maka hula, ba ka da inda za ka kai ƙara, in ka yi fushi ma kai za a yi wa dariya. Ya san da haka, shi ya sa ya bi ta nan. Da na je wa gwaggo da maganar cewa ta yi in bar shirme, tun kakanni haka ake wasan. Wasa? Amana na ba shi, ya yanka ni da ita a gaban unguwa, kuma al'ada ta ce in yi murmushi.

A daren nan, bayan sallar lisha, babana ya kira ni zaure.

"Baturen ga, shi yac ce hakanan, ko ɗan gwaggonka?"

"Ɗan gwaggo na, Baba."

"Ƙarya yay yi?"

Na ce a'a. Sai ya ce:

"Da kai kag gaya mini, da ni ɗai nij ji."

Bai doke ni ba, bai zage ni ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Muka ci gaba da noma tare, muka yi girbi tare, har na fara zaton abin ya huce.

Bayan girbi wasiƙa ta zo daga ƙanensa da ke Abijan. Tun ina firamare ni ke karanta masa wasiƙu, ni ke rubuta amsa. Ina zaune a tsakar gida ya shigo da ita a hannu, na miƙe ina goge hannuna a riga. Ya wuce ni, ya leƙa ta katanga ya ce a kira masa ɗan gwaggona. Innata ta fito daga ɗaki ta ce, Malam, ga ɗanka tsaye.

"Na gane shi," in ji babana. "Wancan bakinai ba shi da linzami, amma bai taɓa ɓoye mini komi ba."

Ɗan gwaggona ya zo ya zauna a zaurenmu, a kan tabarmar da na saba zama. Ina jinsa ta cikin gida yana tuntuɓe da kalmomi, yana karanta sunan unguwar baffana ba daidai ba, ban gyara masa ba. Har babana ya rasu bai sake miƙo mini takarda ba.