Mujallar da na ƙaryata Kawu da ita

Ranar wata Juma'a bayan yankan gero, ina aji biyar a Boɗinga, na ƙaryata Kawu Sahabi a gaban dattawa. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin muna rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyon wata ƙasa mai nisa, su kuwa su aiko mana da mujallu kyauta. Takarda mai santsi, alkama har bakin sama, yara jajur suna dariya. In na dawo daga yankar wa tumaki ciyawa, sai in baje mujalla bakin rumbu ina kallo har a kira ni ɗibar ruwa. Da ita muke rufe littattafai, kuma ko a langa sunan ƙasar nan muke sa wa ɓangarenmu. Na haddace cewa gwamnatinsu ba ta barin kowa da yunwa.

Kawu, ƙanen innata, can ya yi karatun noma shekara huɗu, ya dawo a rame. Da aka sauko masallaci aka tambaye shi labari, ya ce layi ake bi tun asuba don burodi, kuma abokin ɗakinsa ya yi tambaya ɗaya a aji, aka tafi da shi, bai dawo ba. Ni uban iyayi na sheƙa gida, na ɗauko mujalla, na ɗaga ta sama. "Kawu, ƙarya kaka yi! Ga hoto!" Aka fashe da dariya, mujalla ta bi hannu-hannu. Shi dai ya ce, "Abin da nig gani nif faɗi."

Daga ranar ya zama Sahabi Mai Layin Burodi. Ko kan irin albasa ya ba da shawara, sai a ce ya kawo hoto. Kafin damina ya koma Dandin Mahe, gun dangin matarsa.

Sai da na yi furfura na je neman gafara. Ya ce, "Bari kuka, ɗana. Ni ma mujallar ita tak kai ni can."

Yanzu ba a jiran gidan waya, hotunan suna cikin wayoyin da ke aljihun 'ya'yana, kowace ƙasa da nata. Kawu ya rasu bara. Wanda ya je ya gani da idonsa muke da shi, muka yi masa dariya.