Na Rina Mantau Kore, Ya Tafi Da Muryar Kakata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni ɗan Haɗeja ne, ina ajin ƙarshe a sakandare. A daminar da abin nan ya faru babu wanda ya kama ƙafata a tsokana duk unguwarmu. Ko akuya ta yi kuka ba dalili, sunana ake fara kira. Na iya kwaikwayon muryar kowa: ladaninmu, mai tallan kifin banda, malamin lissafi, har tarin injin ban-ruwan maƙwabcinmu idan mai ya ƙare masa. Umma takan ce da a mudu ake sayar da surutu, da ni kaɗai na ciyar da gidanmu har na fitar da zakka. A lokacin ina ganin duk abin da ya sa mutane dariya to ba laifi ba ne.

Wadda na fi kwaikwaya ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Babarbariya ce, tun tana yarinya aka taho da ita daga gaɓar Tafkin Chadi, suka yi zango a Birniwa, aure ya kawo ta Haɗeja. Duk daɗewarta a nan Hausarta ba ta miƙe ba, sai ta mayar da namiji mace, mace namiji. Maigida take kira na, ni kuma ina ce mata uwargida. Kullum ƙorafinta ta auri rago wanda bai taɓa kawo mata ko kan tarwaɗa ba, ni kuma in ce ai sai ta fara yin haƙora tukuna. Akwai wata waƙa da take yi da Barbarci idan tana tsince shinkafa. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya a ciki ba, amma na haddace sautinta tsaf, don kawai in ɗaura ɗankwalin Umma, in ranƙwafa, in rera ta da rawar murya, ƙannena su yi ta birgima. Sai Kaka ta jefe ni da mafici ta ce Allah ya shirye ni. Baba shi kam bai iya Barbarci ba, kuma abin yana damunsa fiye da yadda yake nunawa.

Yayana ya karanta tsaron kwamfuta, kuma mutum ne da ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Kwamfutarsa ba irin ta kowa ba ce. Ya sa mata wani tsari da ya raba cikinta ɗaki-ɗaki, abin da ke wannan ɗaki ba ya leƙa wancan, kuma kowane ɗaki da launin da ke kewaye tagarsa. Akwai baƙi, wanda ya sa wa suna rumbu, nan yake ɓoye abin da ba ya so ya rasa. Akwai kore mai suna karatu, inda littattafaina suke. Sai ja, wanda muke kira Mantau. Shi Mantau na wucin gadi ne: ka buɗe shi ka shiga duk inda kake so a intanet, da ka rufe komai ya goge, kamar bukkar da manoma ke kafawa a fadama, ruwa ya zo ya share wurin. Yaya ya nuna mini cewa kowane Mantau yana da uwa da ake haifo shi daga gare ta, abin da ka gyara a jikin uwar shi ne 'ya'yan za su zo da shi. A gabana ya sa mata haruffan Hausa masu ƙugiya. Ya ja mini kunne cewa launin nan shi ne idonsa, da shi yake gane inda yake ba sai ya karanta suna ba.

To, wannan idon shi ne ya hana ni sakat. Yana kwance a tabarma can bakin ƙofa, da ya hango ja ya san fim nake kallo ba karatu ba, sai in ji ranƙwashi. Kaina ya kusa zama kunyar dankali. Wata rana ya fita sallar la'asar ya bar kwamfutar a buɗe, na shiga wurin gyare-gyare na ƙirƙiri nawa Mantau ɗin. Na rina shi kore, na sa masa suna karatu da 'yar lamba a gefe, har hoton bangon na ɗauko iri ɗaya. Ya fito kamar an tsaga kara. Daga ranar na zama ɗalibi abin misali. Yaya ya riƙa ce wa Umma yaron nan ya fara hankali, ni kuwa ina gaban koriyar taga ina kallon ƙwallo, ina gyaɗa kai kamar mai haddar lissafi. Har abokaina na ba labari, na ce na yi wa injiniya sakiyar da babu ruwa.

A cikin daminar ne Baba ya roƙi Kaka ta zauna a ɗauki muryarta. Ta daɗe tana ƙi, tana cewa ita ba mawaƙiya ba ce da za a sa ta a rediyo. Ran nan dai ta yarda. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya bayan an karya kumallo, Yaya ya ajiye wayarsa a kan turmi. Ta yi magana har rana ta take. Ta faɗi sunan garinsu, da sunayen iyaye da kakanni a jere, da labarin ƙanwarta da aka bari a can wurin wata gwaggo, wadda ba su sake haɗuwa ba. Ta yi da Barbarci, ta juya da Hausarta, ta rera waƙar nan tun daga farko har ƙarshe, ta fassara ta. Baba ya ce idan ruwa ya janye zai ɗauki muryar ya tafi gabas da ita ya nemi dangin. Ni ban zauna ba. Na tsaya a bayanta ina motsa baki ina kwaikwayonta har Baba ya kore ni, na tafi bakin kogi kallon masu su.

Ba a yi mako ba ruwa ya yi ƙarfi. Da hantsi aka fara shela cewa jingar da ke tare ruwan kogi a bayan unguwarmu ta fara tsagewa, matasa su fito da buhunan yashi, mata da tsofaffi a kwashe su. Ina cikin Mantau ɗina ina kallo aka ƙwala mini kira in ɗauki buhun gero, na tashi na bar tagar a buɗe. Yaya ya shigo a guje. Yana so ya shiga aikin jinga da wayarsa a aljihu, yana tsoron ta faɗa ruwa, ga shi ta cika ba wurin ɗaukar hoton ɓarna. Ya jona ta da kwamfutar, ya ga kore, ya ga karatu, ya kwashe muryar Kaka ya zuba a ciki, ya goge ta daga wayar, da niyyar in an natsu ya mayar rumbu. Ya kashe kwamfutar, ya naɗe ta a leda ya miƙa wa Umma. Ina tsakar gida da buhu a ka, na gan shi yana naɗewar, ban san me ya zuba ba.

Gidan gwaggonmu a Malam Madori muka sauka. Da Yaya ya iso bayan kwanaki, ƙafafunsa duk sun yi fari saboda ruwa, Baba ya ce a kunna masa muryar ya ji sanyi. Yaya ya buɗe karatu, babu. Ya duba rumbu, babu. Ya yi ta bincike har zufa ta keto masa, sai ya ga ɗaki biyu kore, suna kusan ɗaya. Bai yi ihu ba. Ya juyo ya tambaye ni a hankali ko ni na yi wannan. Na amsa masa cewa ni ne. Na roƙe shi ya dawo da ita, tunda shi injiniya ne. Ya ce an gina Mantau ne don kada wani injiniya a duniya ya iya dawo da abin da ke cikinsa, aikinsa ke nan, kuma ya yi shi daidai. Ya gwada wayar ma, amma hotunan ambaliya sun riga sun hau kan wurin. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya goge kafin ya tabbatar. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Muka ce ai Kaka tana nan, sai a sake. Amma sanyin hanya da ruwan da ta taka sun kwantar da ita, zazzaɓi da tari suka haɗu. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata abin da na yi. Ban san ko ta gane zancen ɗakuna da launi ba. Ta dai shafa kaina ta ce maigidanta ko ajiya bai iya ba, in bari ta warke ta sake faɗa, amma wannan karon sai na biya da kifi. Ba ta warke ba. A can Malam Madori aka binne ta, ruwa bai ma bar mu mun kawo ta kusa da mijinta ba.

Bayan mun dawo gida, ana ta gyaran katangar da ta zube, Baba ya kira ni gindin darbejiyar nan. Tun rasuwar bai yi mini maganar ba. Ya ce ya ji ana cewa na iya muryar uwarsa, in yi masa. Na ɗauka gatse ne, na sunkuyar da kai. Ya ce da gaske yake. Na rera waƙar da muryarta, da rawar da take yi a ƙarshen kowane baiti, ba ɗankwali, ba ranƙwafawa. Karo na farko ke nan da na kwaikwayi mutum babu wanda ya yi dariya. Umma ta shige ɗaki. Baba ya rufe fuska da hularsa, ya ce in sake. Yaya ya ɗauka a waya, ya ajiye a wuri uku.

Mun kai wa wani dattijo Babarbare a kasuwar kifi ya saurara. Ya ce rabin kalmomin na tauna su sun zama dusa, amma ya tsinci cewa uwa ce take kiran 'yarta ta fito daga kwalekwale kafin iska ta taso. Sunan garin kuwa Baba da Yaya sun tuna, sai dai an ce garuruwa da yawa suna amsa shi, wasu ma sun tashi. Jerin sunayen da zai bambance su, kowa ya riƙe guntu, guntayen ba su haɗu ba. Baba bai yi tafiyar ba har yau.

Ina rubuto wannan ne saboda 'yan'uwana matasa masu saurin hannu a kan na'ura. Iya gyara abu daban, sanin dalilin da ya sa aka yi shi haka daban. Idan ka ga an sa wa abu ja, wani ne yake dogara da jan nan a ranar da ba shi da lokacin karanta suna. Kada ka canza alama a kayan da ba kai kaɗai ke amfani da su ba, in kuwa ka canza, ka faɗa. Manya kuma kada ku goge abu sai kun gan shi a wuri biyu. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida, ya zauna ya saurare ta da kunnensa, kada ya bar wa waya. Na je na mayar da Mantau ja da hannuna. Har yanzu idan Baba ya idar da sallar magariba, wani lokaci yakan kira ni ya ce in yi masa uwarsa, ni kuma in yi, da kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Ku sa ta a addu'a, Allah ya jiƙanta.