Awon da Yaya Ya Zubar

Yayana mutum ne da bai yarda da ido ba. Tun muna yara, in ka ce masa ruwa ya kusa ƙarewa a tanki, sai ya ɗauko sanda ya auna kafin ya ba ka amsa. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran injin ban ruwa, shi ya raɗa masa Injiniya tun yana firamare, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura a gemu.

Da ya girma sai ya sami aiki daidai da halinsa, a wani kamfani mai kula da famfunan gari. Dubban mitoci ne ke turo alƙaluma zuwa kwamfutarsa, shi kuma yana rubuta manhajar da ke hango famfon da zai lalace tun bai lalace ba. Ya taɓa gaya mini cewa rabin aikin shara ce kawai. Mita takan haukace ta turo lambar da ba ta yiwuwa, don haka ya rubuta wasu layuka a cikin manhajar da ke cafke duk lambar da ta yi nisa da 'yan uwanta, su jefa ta wani fayil da ya sa wa suna Shara. Yana ji da layukan nan ƙwarai. Duk sabon aikin da ya fara, sai ya kwafo su ya liƙa.

Lokacin da likita ya ce Baba yana da hawan jini, ni ce a gida tare da shi, ina ɗinkina a ɗakin gaba. Yaya yana can ƙarshen gari, sai Asabar yake leƙo mu. Wata Asabar ya zo da na'urar awon jini mai aika sakamako ta waya, ya ce ya haɗa ta da wata 'yar manhaja da ya rubuta da hannunsa. Kullum da safe in na auna Baba, manhajar za ta duba awon makon, ta turo mana saƙo: kore in lafiya, ja in a tafi asibiti.

Baba ya ji daɗin abin nan fiye da shi kansa maganin. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna masa waya.

"Ɗana ne ya ƙera. Likita ne a aljihu, ba layi, ba kati."

Wata biyu komai kore, lambobin ma suna nan kusa da ɗari da arba'in. Sai wata safiya na ga ɗari da casa'in a fuskar na'urar. Na sake aunawa, ta sauko kaɗan. Saƙo ya shigo kore. Bayan kwana biyu na ga ɗari biyu da biyar, saƙo kuma kore. Baba ya fara riƙe ƙeya in zai tashi, yana cewa fitilar ɗaki ta cika haske. Tsoro ya kama ni sosai, na shiga rubuta lambobin da alli na ɗinki a bayan ƙofa.

Na kira Yaya. Yana magana ina jin ƙarar madannan kwamfuta.

"Auta, jadawalin yana gabana, a miƙe yake kamar zarenki. Ɗaurin hannun ne ba ki iya ba."

Na ce wa Baba mu je asibiti kawai. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya ya ce lafiya lau. Ke da keken ɗinki za ki ƙaryata kwamfuta?"

Na yi fushi da su biyun. Da ni ce na kawo na'urar, da tuni an ce a nemi wanda ya sani.

Ran Asabar da azahar, Yaya bai gama cire takalmi ba na ja hannun rigarsa zuwa bayan ƙofa. Ya tsaya yana karanta allin daga sama har ƙasa. Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin da nake yankan yadi, ya ce babu ko ɗaya daga lambobin nan a jadawalinsa. Sai na ga yatsunsa sun tsaya cak. Ya buɗe fayil ɗin Shara. Ga su nan jere reras, kowace da ranarta da sa'arta. Layukansa sun ɗauki jinin Baba a matsayin mitar da ta haukace.

A daidai lokacin muka ji kofi ya faɗi a ɗakin Baba, sannan muryarsa tana kiran sunana, amma kamar da abu cike a bakinsa.

A asibiti aka ce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likitan, wata mata mai ƙaramar murya, ta tambaye mu ko mun san tun yaushe jinin ya fara hawa haka.

"Kwana ashirin da uku," in ji Yaya. "Ranar Alhamis, bakwai da minti goma na safe."

Ta ɗago kai daga takardarta ta dube shi.

"Kun sani har da minti. To me ya hana ku kawo shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa amsar tana kan harshena, na kuma yi niyyar faɗa. Sai Baba ya motsa a kan gado, ya ɗaga hannun da ke aiki ya dafa gwiwar Yaya. Da ƙyar kalmomin suka fito ta bakin da ya karkace.

"Likita, ni na ƙi zuwa."